Bangon da Dantani Ya Zana Sau Biyu

Shekara goma ke nan cur da muka raka Dantani Mai Fenti makwancinsa a bayan Rikoto. A shekaru taran da suka gabata, idan ranar ta zagayo, abin da nakan yi bai wuce in je in gaida matarsa, mu ɗan taɓa hira, in dawo gida ba. Bana kuwa wani abu ya taso a gidanmu wanda ya sa na shafe wata biyu ina magana da shi a zuci, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta.

Ƙanena Habila ya gama aikin soja da muƙamin saje ya dawo gida, yana so ya gina gidan bulo a filin mahaifinmu. Da ya kafa turaku ya ja igiya, sai ɗakin Inna ya faɗo daidai inda falonsa zai zauna. Tsohon ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, ba mai kwana a ciki tun da Inna ta rasu shekara uku da suka wuce. Amma a jikin bangonsa, daga ciki, akwai hoton mahaifinmu da Dantani ya zana. Shi kaɗai ne hoton da Inna ta taɓa yarda cewa mijinta ne. In aka rushe ɗakin, ya tafi ke nan.

Duk wanda ya zauna a Zuru a wancan zamani, ko bai san Dantani ba, ya san aikinsa. Rumfarsa tana gindin dogon yaro kusa da tasha. Shi ke zana bayan manyan motocin da ke ɗauko hatsi daga Bena, shi ke yi wa masu aski allo, da masu shayi, da masu gyaran rediyo. Maƙwabcinmu ne, ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce masa. Da rani, in aikin gona ya ƙare, a rumfarsa nake yini, in riƙe masa tsani ko in zauna kawai ina kallo. A lokacin ban iya karatu ba, sai shekara huɗu da suka wuce na shiga ajin manya. Duk da haka babu shagon da ya taɓa ɓace mini a garin nan, domin hannun Dantani yana bakin ƙofarsa.

Wata rana na tambaye shi dalilin da ya sa yake ɓata rabin yini yana gyara kai ɗaya a allon mai aski, alhali ga rubutu a sama. Ya ce, "Rubutun na masu takarda ne, Bitrus. Su ko ba ni za su kai inda za su. Irinka nake yi wa aiki. In ka wuce shagon nan da wannan uwar sumar taka ba ka tsaya ba, to ban iya ba." Ban taɓa jin ya kira kansa da wani babban suna ba. Cewa yake burinsa mutum ya tsaya ya ce, "Af, na gane."

Yana da tsarinsa na aiki, kuma ba ya sauya shi don mai mota yana sauri. Da gawayi yake fara komai. Zai ja layi biyu ko uku, ya ajiye gawayin, ya taka har tsallaken titi, ya juyo ya duba, ya dawo ya goge da jiƙaƙƙen tsumma. Direbobi sukan ce tafiyarsa ta fi zanensa yawa. Shi kuwa yakan ce ba wanda zai ga zakin bayan mota yana tsaye a gabansa. Daga nesa za a hango shi, motar tana gudu, don haka daga nesa ya kamata mai zane ya duba. Ƙananan burushinsa da kansa yake ɗaurawa, da gashin wutsiyar saniya da wani abokinsa Bafulatani yake kawo masa. Launin fatar mutum kuma ba ya ɗebo shi daga gwangwani ɗaya. Ja da rawaya da ɗan shuɗi yake haɗawa a gwangwanin madara, yana gwadawa a bayan hannunsa. Yakan ce Allah bai yi kowa da baƙin fenti ba.

Mu 'ya'yan soja ne, kamar yawancin gidajen unguwarmu. Baba ya rasu a bariki, can kudu, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya, ina ɗan shekara tara, Habila yana goye. Abin da aka kawo mana akwatinsa ne, da wani ɗan littafi mai hotonsa a ciki. Hoton bai fi babban yatsa ba, hatimi kuma ya cinye rabin fuskar. Inna ba ta taɓa zaman bariki ba. Tana gida tana noma, shi kuma in ya zo hutu, kafin ya sha ruwa ya tuɓe kaki ya ninke.

Da Habila ya shiga soja ya zo hutunsa na farko, sai ya kawo shawara: mu sa a zana Baba a ɗakin Inna, cikin kaki, mu yi mata ba-zata. Na yarda, har na fi shi zumuɗi. A wajenmu a nan, girmama uba soja shi ne a nuna shi a miƙe cikin kayan sarki, ba mu taɓa tunanin wani abu ban da wannan ba. Muka jira ta tafi Mahuta wajen ƙanwarta, muka shafe bangon da ke fuskantar ƙofa da siminti, muka kira Dantani. Kwana huɗu ya yi yana aiki da wancan ɗan hoto, Habila yana tsaye a kansa, yana cewa a ƙara faɗin ƙirji, a sa takalmin ya yi ƙyalli, a sa igiya uku a hannun riga. Baba da igiya ɗaya ya rasu. Dantani ya yi dariya ya ce, "Kai ne za ka ƙara masa girma bayan ya tafi?" Amma ya sa. A ƙasa kuma ya rubuta suna da muƙami da manyan baƙaƙe.

Ranar da Inna ta dawo, maƙwabta sun cika tsakar gida. Kowa na yaba aikin, tsofaffin sojoji har da sarawa. Ta shiga, ta ajiye ƙunshinta, ta daɗe tana duban bangon. Sannan ta juyo ta yi magana da harshenmu na C'lela, wanda zan mayar da Hausa yadda na iya.

"Sannu da aiki, Dantani. Wannan baƙon, ɗan gidan wa ne?"

Habila ya ce, "Inna, Baba ne fa."

Ta ce, "To. Tunda kun ce."

Daga nan ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakin matata. Ta ce ita ba za ta sauya tufafi a gaban namijin da ba ta sani ba.

Washegari da sassafe sai ga Dantani da bokitin farin fenti. Kafin mu ankara ya shafe sojan tun daga hula har takalmi. Habila ya kusa haɗiye harshe don fushi. Ya ce, "Yaya Dantani, aikin kwana huɗu fa!" Dantani ya ce, "Kwana huɗu na yi ina zana soja. Sojoji sun yi yawa a Zuru, Habila. Babanku ɗaya ne." Hutun Habila ya ƙare a makon nan, ya koma bariki bai yi masa sallama ba.

Safiya uku Dantani ya yi yana zuwa ba tare da fenti ba. Ya zauna kusa da Inna yana taya ta ɓarar gyaɗa. Na zaci zai tambaye ta tsawon hanci ko girman ido. Abin da ya tambaya shi ne, "Inna, a ina kika fara ganinsa?"

A golmo ta fara ganinsa. Ga wanda ba ɗan ƙasarmu ba, golmo ita ce noman da saurayi yake yi a gonar mahaifin yarinyar da zai aura, shekara bayan shekara, shi da abokansa, kafin a ba shi ita. Baba shekara bakwai ya yi. Inna ta ce ita ke kai musu kunu. Tana ɓullowa daga bayan dutse, abin da take gani jerin samari ne a duƙe, ba riga, duk sun ba ta baya. A cikinsu ta koyi ware nata. Kullum shi ne a ƙarshen layi ta hagu, domin bahago ne, in ya shiga tsakiya garmarsa tana karo da ta na kusa da shi. Kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka. Kuma ba ya ɗagowa in ta iso, don kada abokai su yi masa tsiya. Sai dai ya leƙo ta ƙarƙashin hammata, kamar mai duba ko kunyar da ya ɗaga ta miƙe. Ta ce, "Shekara bakwai bayansa nake kallo. Fuskar nan da kuka kawo mini, ta gwamnati ce."

Dantani ya ce a ɗauko masa garmar Baba. Tana rataye a ƙarƙashin rumbu, ba mai amfani da ita, don ƙotarta ba ta zauna wa kowa a hannu. Ya shafa inda gumi ya baƙanta icen, ya riƙe ta da hagu, ya je bayan gida ya fara ɗaga kunya. Kunyar ta fito a karkace kamar hanyar maciji. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta taso da sandarta tana tura masa ƙafa, tana danna masa kafaɗa, tana cewa ba haka ba, ƙara duƙawa, kai ka cika taurin baya. Sai da jikinsa ya zauna yadda take so, sannan ya ce ya samu. Na ce ko in duƙa masa ya riƙa kallona. Ya ce, "Kai Inna ka ɗauko, ba ka da amfani a nan. Je ka wanke mini burushi."

Kwana tara hoto na biyu ya ci, kuma da safe kawai yake aiki, lokacin da rana ke shigowa ta ƙofa ta sauka a bangon. Ya ce a wannan haske Inna take ganinsa a gona, a shi ya kamata ta gan shi a ɗaki. Ya zana mutum girman mutum, a duƙe, ya ba mai shigowa baya, garma a hagu, gumi yana ƙyalli a gadon baya. Fuska kuwa ba a ganin komai nata sai ido ɗaya da gefen kunci ta ƙarƙashin hammata. Bai rubuta ko baƙi ɗaya a ƙasa ba. Na tambaye shi, ya ce in sai an karanta suna za a gane mutum, gara a rubuta sunan a bar zanen.

Wannan karon ba a tara kowa ba. Inna ta shiga ita kaɗai, mu muna bakin ƙofa. Ta tsaya, ta ɗora hannu a ƙugu, ta ce wa bangon, "Har yanzu kana yi kamar ba ka gan ni ba." A ranar tabarmarta ta koma ɗakinta, kuma a nan ta kwana har ƙarshen ranta.

Dantani yakan ce Inna ce ta gama koya masa sana'a. Daga lokacin, duk wanda ya kawo masa hoton mamaci, sai ya tambaya wa ya fi daɗewa da shi a gidan, ya je ya zauna da wannan mutum tukuna. Wasu sukan ga ya cika bincike su tafi wani wuri. Bai taɓa bin su ba.

A yau in aka yi rasuwa a Zuru, kafin a gama tonon kabari an buga fosta a shagon kwamfuta. An goge wa mamaci tamoji, an haska masa fata, an sa gajimare a bayansa. Kana wucewa a babur sai ka ga kamar mutum ɗaya ne yake ta mutuwa a unguwa-unguwa. Shi kansa Dantani bai tsira ba. A fostar jana'izarsa an ɗora kansa a kan kwat irin ta ma'aikatan banki, mutumin da ban taɓa ganinsa babu tabon fenti a riga ba. Matarsa ta duba ta ce, "Da ya gani, da ya aika a kawo bokiti."

Nakan tambayi kaina me zai ce da wannan zamani, kuma ina da tabbacin ba zai zauna yana kukan an kashe sana'a ba. Mutum ne mai son sabon kayan aiki. Kwanan baya malamar ajinmu ta nuna mana yadda za ka gaya wa waya abin da kake so, ta zana maka nan take. 'Yan ajin suka ce to masu fenti sun gama yawo. Ni kuwa na san abin da Dantani zai yi. Zai karɓi wayar, ya juya ta, ya yaba saurinta, sannan ya ce, "To, wa za ta je ta taya ɓarar gyaɗa?" Hannu bai taɓa zama wahalarsa ba, ai sojan farko ma ya yi kyau. Wahalar ita ce sanin wanda za a tambaya, da haƙurin zama har ya faɗa.

Habila bai taɓa son hoto na biyu ba. A ganinsa an tuɓe wa mahaifinsa kaki an mayar da shi ɗan ƙodago. In ya zo hutu, daga bakin ƙofa yake gaida Inna. Don haka da maganar rushewa ta taso, bai ga abin damuwa ba. Ya ce, "Yaya, ƙasa ce fa da fenti. Mu ɗauka a waya, in sa a buga maka shi. Ni dai ban taɓa ganin Baba a ciki ba, ƙeya nake gani da gadon baya." Ban yi musu da shi ba. Mutumin da bai san ubansa ba sai a ɗan hoto mai hatimi, ba ni da ikon in ce masa ga yadda zai yi kewarsa. Na ce gini nasa ne, abu ɗaya nake roƙo, ɗakin ya zama na ƙarshe da za a taɓa. Ya yarda. Ni kuma na sayi sabon littafi na fara rubuta duk abin da na tuna Inna ta gaya wa Dantani, don in bangon ya tafi, maganar ta saura.

Ranar da aka zo cire kwanon ɗakin, akwai wani turke da ya ƙi shiga, ƙasa ta bushe ta yi tauri. Habila ya karɓi guduma ya buga da dama sau uku, bai shiga ba. Da haushi ya kama shi, sai ya mayar da ita hagu. Bahago aka haife shi, makaranta da soja ne suka mayar da shi dama. Yana duƙe yana bugu matarsa ta kira shi daga baya, shayi ya huce. Bai ɗago ba, ya leƙa ta ƙarƙashin hammata ya ce yana zuwa.

Maginin, Malam Umaru, mutumin cikin gari ne, bai san Baba ba, bai san labarin bangon ba. Ya shiga ɗakin don ya duba katakon rufi. Hantsi ne, rana tana kan bangon. Sai ga shi ya fito yana dariya.

"Saje, ashe kana ji da kanka haka? Ka sa an zana ka a bango, kuma yanzu ka ce a rushe?"

Habila ya ce, "Wa aka zana?"

"Kai mana. Ga ka nan a duƙe, kafaɗar hagu a ƙasa, kana leƙe kamar ɗazu da uwargida ta kira ka. Guduma kawai aka canja maka da garma."

Ni kaina kunya ta kama ni, domin shekara da shekaru ina ganin su biyun ban taɓa haɗa su ba. Habila a miƙe na saba ganinsa, kamar sandar tuta. Dantani kuma bai kalle shi ya zana ba, ai yana bariki a lokacin. Daga bakin Inna da ƙotar garma ya ɗauko mutumin.

Habila ya ajiye gudumar, ya cire takalmi, ya shiga ɗakin. Ya daɗe. Leburori suka gaji da tsayuwa suka zauna a kan bulo. Da ya fito bai dubi kowa ba. Ya je ya tuge turken da ya sha wahalar kafawa, ya taka taku biyar zuwa arewa, ya sake kafa shi. Malam Umaru ya ce, "Saje, falon zai matse fa." Ya ce, "Baƙi nawa gare ni?"

Yanzu ginin ya kai linta. Ɗakin Inna yana nan a gefensa da sabon kwano, an tokare bangon ta waje don damina. Na san ƙasa ce, wata rana za ta koma ƙasa. Motocin da Dantani ya zana an daɗe da sayar da su ga masu gwangwan, allunan aski an maye gurbinsu da na roba, dogon yaron ma an sare. Idan aka ce in nuna abin da ya bari a garin nan, bango ɗaya zan iya nunawa. Amma ban ɗauka kaɗan ba ne. Ya mayar wa wata tsohuwa mijinta, ya kuma ajiye wa wani mutum ubansa shekara ashirin da wani abu, har ranar da ya shirya karɓa. Allah ya jiƙan Yaya Dantani, ya ba shi hutawa.

Makon jiya Habila ya sa na karanta masa abin da na rubuta na maganar Inna, tun daga kunu har garma. Da na gama ya ce, "Yaya, tunda yanzu ka iya rubutu, ka sa sunan Baba a ƙasan hoton, don jikoki." Na ce masa a'a. Sunan yana cikin littafi, duk jikan da yake so ya karanta. Bangon kuwa sau biyu ana gane shi ba tare da baƙi ko ɗaya ba: wadda ta kalli mutumin shekara bakwai ta gane shi, wanda bai taɓa ganinsa ba ma ya gane shi. Ba ni zan zo da fensirina in ce Dantani bai iya ba.